Bayan Loko: Kwana Biyu a Tashar Jirgin Kafanchan

A Kano ko Zariya, in ka tsai da ɗan acaɓa ka ce ya kai ka wajen jirgi, sai ya waiwayo ya tambaye ka, na sama ko na ƙasa? A Kafanchan ba a yin wannan tambaya. Da na sauka a tashar mota na ce wa yaron da ya ɗauke ni, "Ƙanena, wajen jirgi za mu," bai ce uffan ba, ya ta da babur, muka ratsa gari har ya dire ni a gaban tashar reluwe. Jirgi ɗaya ne a bakin mutanen garin nan, shi ne mai tafiya a kan dogo. Amma da nake ba shi kuɗinsa na tambaye shi ko ya taɓa shiga, sai ya girgiza kai. Shekarunsa ba za su wuce 20 ba, kuma a garin da jirgi ya haifa aka haife shi.

Gara in faɗi abin da ya kawo ni tun da wuri. Ni mutumin Zariya ne, a Palladan na tashi, dab da filin jirgin makarantar koyon tuƙin jiragen sama da aka kafa a 1964. Muna yara, ƙananan jiragen ɗalibai ne ke tashin mu da safe, su kewaya sararin Samaru da Kwangila, su sauka, su sake tashi, har muka iya bambanta su da ƙararsu kaɗai. Tun daga nan son jirgi ya shiga raina, kowane iri ne. Da na girma sai son ya karkata ga tsofaffinsu, waɗanda suka gama aiki aka jingine. Ina ake kai jirgi in ya tsufa? Wa yake kula da shi? Wannan tambaya ta kai ni Umuahia, ta kai ni Jos, ta sa duk lokacin da na sauka a Kano nake manne fuska da taga ina leƙen gefen fili. Ita ce kuma ta kawo ni Kafanchan a farkon hunturu.

Da sassafe muka baro Kaduna, muka bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa. Wanda bai taɓa bin hanyar ba zai yi mamakin yadda ƙasa ke sauya kama a gaban idonsa. Shimfiɗaɗɗen filin da muka saba da shi a ƙasar Zazzau ta arewa sai ya koma hawa da gangara, itatuwa su yi duhu, kwakwar manja ta fara leƙowa daga bakin rafuka. Lokacin citta ne. Ko'ina ka duba an tsaga ta an shanya, a kan falalen dutse, a gefen kwalta, a ƙofar gida, ƙamshinta na shigowa mota har ya sa mutum atishawa. Wannan yanki, daga Kachia zuwa Kwoi da Kagarko, shi ne gidan cittar Nijeriya, kuma yau a manyan motoci take fita. Da muka wuce Zonkwa sai duwatsun Kagoro suka bayyana ta hagu, shuɗi-shuɗi cikin hazo. Jefi-jefi kuma sai ka hango dogo yana bin ka daga nesa, ya ɓace a ciyawa, ya sake ɓullowa.

Tashar tana nan da kwarjininta. Abin da ya fara kama idona shi ne faɗin filin. Wanda ya saba da ƙananan tashoshin ƙauye, inda layi ɗaya ne sai wani guntu na kaucewa, in ya tsaya a nan zai ga layuka jere da juna, suna rabuwa suna haɗuwa kamar jijiyoyin bayan hannun tsoho. Ciyawa ta cinye rabinsu. Awaki na kiwo a tsakani. Mata ɗauke da kaya suna ƙetarewa zuwa kasuwa ba tare da sun dubi dama ko hagu ba, don babu abin dubawa. Can gefe taragu ne a tsaye, fenti ya ɓaɓɓare, tsatsa ta rina su ja kamar ƙasar wurin. Na leƙa cikin ɗaya. Tagogi ba gilashi, kujeru saura ƙarfe, ƙadangaru sun mai da shi gida. Amma ka ɗora tafin hannu a jikinsa ka ji kaurin ƙarfen. Wanda ya ƙera shi bai yi don shekara goma ba.

Na durƙusa na share ƙasa daga gefen wani dogo. Maƙeran dogo sukan buga sunan masana'anta da shekarar ƙira a jikinsa, kuma wanda ya san wannan zai iya bin tarihin layi taku-taku, ya gane wanda aka shimfiɗa tun farko da wanda aka sauya daga baya. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, ma'aunin tsohon layin Nijeriya baki ɗaya. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, don haka jirginsa ba zai iya taka wannan ba ko da an so. Bai ma biyo ta nan ba.

To, me ya sa aka zaɓi nan? Amsar tana binne a ƙarƙashin ƙasa, a wurare biyu masu nisa da juna. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, kusa da inda Inugu take yanzu, kuma zuwa 1916 an shimfiɗa dogo daga can zuwa sabuwar tashar ruwa ta Fatakwal. A tudun Jos kuwa kuza ce Turawa ke haƙa. A wancan lokaci kuzar tana fita ne ta wani siririn layi da ya taso daga Zariya ya hau Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914, faɗinsa ƙafa 2 da rabi kacal. In ta iso Zariya sai a sauke ta, a sake loda ta a babban jirgi zuwa Legas. Wahala biyu, kuɗi biyu. Sai aka ja layin gabas daga Inugu ya yi arewa, ta Makurɗi da Lafiya da Gudi da Jagindi, ya je ya haɗu da layin Legas zuwa Kano a Kaduna, aka kuma cire masa reshe ya haye tudu ta Kagoro da Manchok zuwa Kuru da Jos, tafiyar kimanin kilomita 100. A 1927 aka kammala. Inda reshen ya rabu da uwar layin, nan ne nake tsaye. Kwal ya hau, kuza ta sauko. A lokacin ko gadar Binuwai babu. Sai a 1932 aka buɗe ta a Makurɗi, kafin nan a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu. A 1957 aka rufe siririn layin Zariya, sannan tsakanin 1958 da 1964 aka ja dogo daga Kuru ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Daga nan Kafanchan ta zama ƙofa. Mai zuwa Borno daga Fatakwal ta nan zai bi, mai zuwa Jos daga Legas ta nan zai bi, mai gangarawa gabas daga Kano shi ma ta nan.

Ƙasar kuwa da masu ita jirgi ya tarar da ita. Mutanen Fantswam ne a nan, kuma daga sunansu ne bakin Hausawa ya fitar da Kafanchan. Kewaye da su ga Bajju, ga Kagoro, ga Kaninkon, ga Kagoma, ga Jaba da Kataf. Ba na son a riƙa ba da labarin reluwe kamar wata kyauta ce Bature ya kawo ya ajiye. Da gatari da diga da kwando aka yi aikin, a kan mutane aka ɗauki ƙasar da aka cike kwaruruka da ita, kuma da yawan leburorin ta hannun sarakuna da dagatai aka ɗebo su, ba da son ransu ba. Duk wanda zai ba da tarihin tashar nan, in bai fara da su ba, ya bar rabin gaskiya a baya.

Da dogo ya kwanta sai jama'a suka biyo shi. Ibo da Yarbawa da Ibibiyo da Tibi suka zo aikin akawu da direba da makaniki da gadi. Hausawa suka zo da goro da fawa da dako da koli. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan, ta bi inda harka ta koma. Cikin 'yan shekaru wurin da ya kasance ƙauyuka da gonaki ya zama gari mai coci da masallaci da makarantun mishan da kantuna, kuma Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi, har wanda ba ta ne harshen uwarsa ba. Yau garin yana da Sarkin Jama'a, yana da Agwam Fantswam, wato sarkin Fantswam, yana da reshen jami'ar jihar Kaduna, ga kwalejin ilimi a Gidan Waya. Duk wannan, in ka bi saiwarsa, a bakin dogo za ka tsinci kanka.

Har a sunayen unguwanni abin yake. Akwai wata unguwa da ake kira Bayan Loko. Loko ita ce babbar rumfar da ake kwantar da kawunan jirgi, a kwashe musu toka, a wanke tukunya, a gyara abin da ya lalace. Mutanen da suka gina gidaje a bayanta ba su nemi wani suna ba, suka kira wurin da abin da ke gabansu. Yanzu wutar loko ta daɗe da mutuwa, sunan yana nan a bakin yaran da ba su san ma'anarsa ba.

A can ne, ranar ta biyu da hantsi, aka nuna mini wani dattijo zaune a gindin mangwaro, aka ce tsohon ma'aikacin reluwe ne. Na cire takalmi na durƙusa.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yawwa, sannu ɗana. Daga ina?"

Na faɗa masa, na kuma faɗi abin da nake nema. Ya yi shiru yana dubana, sannan ya sa jikarsa ta kawo mini kujera da ruwa. Ashe da fayaman ya fara, wato mai zuba wa injin kwal, kafin dizal ya kori tururi. Mun fi sa'a biyu, kuma abin da na koya a wurinsa bai cikin kowane littafin da na karanta.

Ya ce wutar jirgi ba murhun girki ba ce da za ka tura itace ka koma gefe. Shebur bayan shebur ake watsa kwal, a baza shi daidai a ko'ina cikin tanderu. In ka tara shi wuri ɗaya wutar ta shaƙe, in ka bar rami iska mai sanyi ta shiga, tururi ya faɗi, direba ya harare ka. Ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan ɗan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, don in ruwa ya yi ƙasa ana cikin tafiya, to rai ne a bakin ajali. Ya ce hawan Jos shi ne jarrabawar kowane fayaman. Jos tana sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma daga Kagoro jirgi zai fara nishi. Da damina dogo yakan yi santsi, ƙafafun injin su riƙa juyawa a wuri ɗaya, sai an saki yashi ta wani bututu a gabansu kafin su kama. Yana faɗa yana nunawa da hannu, kafaɗarsa na lanƙwasa kamar har yanzu shebur ɗin na hannunsa.

Ya kuma yi mini bayanin abin da ya fi burge ni. Tunda layi ɗaya ne mai zuwa da mai dawowa suke bi, ba a barin jirgi ya bar tasha sai direba ya karɓi wani ɗan ƙarfe daga hannun shugaban tasha. Wannan ƙarfe shi ne shaidar cewa babu wani jirgi tsakaninsa da tasha ta gaba. In ya isa can ya miƙa shi, a ba shi wani. Ran ɗaruruwan fasinjoji yana rataye a kan amanar mutum biyu da ke tashoshi biyu, wataƙila ɗaya Bayarabe ɗaya Bakagore, wataƙila ba su taɓa haɗa ido ba.

Da ya koma kan tashar kanta sai muryarsa ta sauya. Ya ce in jiragen fasinja suka haɗu a nan, dare yakan zama rana. Masu lemo da ayaba da rake da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, masu shayi, masu tsire, 'yan dako, masu jiran baƙi, masu raka amarya, sojoji, almajirai, 'yan makarantar kwana da akwatunansu na ƙarfe. Mace takan ciyar da gida ta kuma biya kuɗin makarantar 'ya'ya da abin da ta sayar ta tagar tarago. Mutanen gari da usur ɗin jirgi suke sanin lokaci. Na tambaye shi ko yana zuwa tashar yanzu. Ya ce, "Ɗana, me zan je in gani?" Bai ƙara komai ba, ni ma ban matsa ba.

Ba daɗi kaɗai tashar nan ta gani ba. Ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki sama da kwana 40, sunan shugabansu Michael Imoudu ya cika ƙasa. A 1966 kuwa ta wannan layi ne dubban mutanen gabas suka bar Arewa cikin firgici, da yawansu an haife su a garuruwan reluwe irin wannan, kuma ba duka ne suka dawo ba. Garin kansa ya ga tashin hankali a 1987, ya sake gani a 2011, kuma duk wanda ya zauna da mutanensa zai ji cewa tabon bai gama warkewa ba. Akwai unguwannin da aka san na waɗannan ne, akwai na waɗancan. Wannan ne ya sa tashar ta fi ƙarfin tarin tsohon ƙarfe a wurina. Na zaga garin ina neman abin da kowa zai nuna ya ce namu ne, ban ga wanda ya kai ta ba. Ba ta coci ba ce, ba ta masallaci ba ce. Kakan Bafantswam ya ɗauki ƙasarta a ka, kakan Bahaushe ya yi dako a cikinta, kakan Ibo ya ja jirginta, kakar Bajju ta sayar da lemo a bakinta.

Yadda abin ya mutu sananne ne, ba sai na ja shi ba. Kuza ta faɗi, kwal ya faɗi, kwalta ta yawaita, tirela ta ƙwace kayan, gyara ya gagara, jirgi ya koma na mako-mako, daga nan sai na wani lokaci. An yi yunƙurin tayar da shi fiye da sau ɗaya. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma jirgi ya fara tafiya tsakanin Fatakwal da Aba. Allah ya sa ya iso nan. Amma ni tsorona biyu ne. Na farko 'yan gwangwan, don an sha kama motoci maƙare da dogo da ƙarafan shimfiɗarsa da aka kwance daga wannan layi. Na biyu kuwa shi ne ranar da gyaran zai iso, a ce a share fili, a yanka duk tsohon abu a auna a sikeli. Ɓarawo da dare yake ɗauka kaɗan-kaɗan. Gyaran da ba a yi shi da tunani ba rana ɗaya zai kwashe duka.

Na san haka na iya faruwa don na ga yadda muka yi da jiragen sama. Mutane da yawa ba su san cewa jirgin sama ya riga jirgin ƙasa na Kafanchan zuwa Arewa ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, shekara biyu kafin a buɗe wannan tasha, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, Arthur Coningham ne jagoransu. Wannan ce saukar jirgin sama ta farko a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana sun bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Daga baya filin Kano ya zama ƙofar alhazai. Duk wannan tarihi, mai son ya ga irin jirgin da ya fara sauka a Kano sai ya tafi gidan tarihin mayaƙan sama da ke Hendon a Landan, inda aka adana DH.9A guda ɗaya. Kamfanin Nigeria Airways ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003. Ina ɗakin da za ka kai ɗanka ka nuna masa jirgin da ya kai kakansa Makka? Abin da muka saba gani shi ne gawarwakin jiragen kamfanonin da suka durƙushe, jere a gefen fili, tayoyi sun sace, har ranar da mai injin yanka zai zo. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen koyo guda 60 da ake kira Air Beetle domin rundunar sojan sama, abin alfahari ne, amma tambayi ɗalibin sakandare a Kaduna ko ya taɓa jin sunan.

Inda aka yi ƙoƙari shi ne Umuahia, a gidan tarihin yaƙi da aka kafa a 1985. A can na tsaya gaban MiG-17 da Ilyushin 28, ƙirar Tarayyar Sobiyet, waɗanda gwamnatin tarayya ta yi yaƙin basasa da su, ga kuma ɗan mitsitsin jirgin nan ƙirar Suwidin da Biyafara ta ɗaura wa rokoki a 1969. Rana da ruwa sun taɓa su, amma suna nan. Na ga ayarin 'yan makaranta sun kewaye su, malaminsu na bayani, wani yaro ya miƙa hannu ya shafa fiffike. Abin da ya ji a tafin hannunsa ba zai taɓa samunsa a hoto ba. A Ingila ma sun wuce nan: a wani ƙaramin fili mai ciyawa da ake kira Old Warden akwai jirgin Blériot na 1909 da har yanzu ake ta da injinsa ya ɗaga daga ƙasa in iska ta kwanta.

Kafanchan ba ta da filin jirgin fasinja. Mai son tashi sai ya tafi Heipang kusa da Jos, ko Kaduna, ko Abuja. In ma aka ambaci jirgin sama a nan, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne ranar 15 ga Disamba 2012, da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Bayelsa da Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, wanda aka sa wa babban asibitin garin sunansa. Rabon Kafanchan a tarihin jirgi na ƙasa ne, kuma nata bai riga ya salwanta ba. Wannan ne bambancinta da Kano.

Kada a ce abin sai ƙasashe masu kuɗi. A Saliyo an rufe reluwe gaba ɗaya a shekarun 1970, amma wasu kawunan jirgi da taragu suka tsira a cikin tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Cline Town a Freetown, suka ƙetare yaƙin basasar ƙasar, aka share su aka yi musu fenti, a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Har taragon da aka ƙera domin ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961 yana ciki. Nairobi tana da nata tun 1971. A gida ma akwai misali: a harabar gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, an ajiye kayan siririn layin nan na Zariya, a Ebute Metta ta Legas kuma masu kishi sun mai da wani tsohon gidan reluwe na 1898 ɗan ƙaramin gidan tarihi. Amma babu ko ɗayansu da ke da abin da Kafanchan take da shi, wato mahaɗa sukutum a inda aka gina ta, da filinta da layukanta da gidajen ma'aikatanta, da kuma tsofaffin da suka yi aiki a cikinta suna raye a bayan loko.

Da la'asar na sa aka kai ni Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya gangaro daga duwatsun Kagoro yake zubowa daga kan dutse. Ko da rani bai ƙafe ba, sanyinsa na dukan fuska tun daga nesa. Ina zaune ina lissafi. Ga wannan ruwa. Ga duwatsun Kagoro da bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu. Ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, wanda sunansa ya zaga duniya saboda mutum-mutumin yumɓu. Baƙon da ya zo ganin waɗannan a Kafanchan yake kwana, ya wuce ta gaban tasha bai san abin da ya wuce ba.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na sabon dogo ba. A keɓe layi biyu daga cikin waɗanda ciyawa ta cinye, a kewaye su. A zaɓi tarago ɗaya na fasinja, ɗaya na kaya, ɗaya na dabbobi, a yi musu rumfa. A nemo kan jirgi, na tururi da na dizal, daga duk inda ya saura a ƙasar nan a kawo. A tattara ƙararrawa da fitilu da tutoci da tikiti da littattafan tasha kafin gara ta gama da su. Abin da ya fi komai gaggawa kuwa ba ƙarfe ba ne. Dattijon da na zauna da shi ya haura 80, kuma ya lissafa mini abokan aikinsa da suka rage a garin bai cika yatsun hannu biyu ba. Ɗaliban tarihi na jami'a da na Gidan Waya za su iya ɗaukar muryoyinsu da wayar hannu cikin hutu ɗaya.

Ina kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gwamnatin jihar Kaduna, da fadar Sarkin Jama'a da ta Agwam Fantswam, su zauna a kan wannan magana tun kafin masu gyaran layi su iso. Kai kuma mai karatu, in hanya ta biyo da kai Kafanchan, ka ware sa'a ɗaya ka shiga tashar, ka tafi da yaranka, sannan ka ƙarasa Bayan Loko ka gai da tsofaffin.